Kuɗin Inuwa

A bakin babbar kasuwar Garwa
Hamajoda na sayar da inuwa.
Jarinsa rumfar kwano, igiya, guntun alli.
Ka miƙa masa babur, ya zana lamba a sirdi,
ka miƙa dala ashirin, ya ce a dawo lafiya.
In ka fita cin tuwon rana ka komo,
wata ashirin ɗin ce.
Hamajoda bai san ɗazu ba, balle jiya.

Wani dare wuta ta ɗauke a Yalwa,
sauro na yi mini karatu a kunne,
na zauna ina lissafi da yatsu:
kwana ashirin da shida, sau biyu a yini,
jaka biyar da dala arba'in!
Na ce, Lantana, ashe buhun gawayi guda
nake ɗaurewa a rumfar mutumin nan duk wata.

Ba ta ce uffan ba.
Tana yanka sandar sabulu gida huɗu,
za ta shanya a kan katanga ya bushe ƙaƙas,
don jiƙaƙƙe ba ya kwana uku.
Ita ce mai binne garwashi a toka
ya tashi da rai da asuba.
Ruwan wankin shinkafa na zogale ne,
na ɗauraya na tsakar gida.
Kifi kuwa sai dab da magariba, bakin Binuwai,
sa'ad da masu tallar suka ƙosa su tafi.
Tana da gwangwanin madara mai tsaga a ka,
ban taɓa jin ta girgiza shi ba.

Na ce ni ma namiji ne, zan gwada.

Litinin na kai babur gindin wata darbejiya
can bayan gidan waya, inuwar Allah, kyauta.
La'asar na dawo: madubin hagu ya yi tafiya,
akuya ta ɗanɗana soson sirdi,
ba ta ƙoshi ba, amma ta yi ƙoƙari.
Jaka ɗaya da rabi wajen mai gyara.

Laraba na jingina shi a shagon Malam Sali tela.
Ba ya karɓar ko sisi, Allah ya saka masa,
sai dai gaisuwa: gida, yara, gajiya, zafin bana,
shayi na ɗaya, na biyu,
kafin na uku ya auna kafaɗata.
Rigar tana nan a akwati. Ta yi kyau.
Har yau ina biya.

Lantana ta ɗaga rigar, ta duba ɗinkin,
ta ce, araha kenan?
Sannan ta zuba mini dambu a ƙaramar kula,
ta ce wanda bai fita da rana ba
sau ɗaya yake biya.

Na koma wa Hamajoda da kunya a aljihu.
Muka yi ciniki, rabi Hausa rabi Fillanci:
jaka biyu a wata, in biya ran ɗaya,
lambata bakwai, kusa da ginshiƙi.
Juma'a kuwa babur ya huta, ƙafa ta yi aiki,
mai ma ba ruwan rijiya ba ne.

Da damina ta ja baya, makarantu suka buɗe,
Lantana ta kawo wuƙa ta farke gwangwani.
Tsabar ta zube a tabarma kamar gyaɗa.
Littafi shida, biro, takalmin Ɗanjuma,
har da canjin ƙosai.

Jiya na iso da wuri, rumfa babu kowa.
Na tarar da Hamajoda a tsugune
yana karya alli biyu,
ya sa rabi a kunne,
rabin ya naɗe a takarda, ya jefa cikin hula.
Ya ɗago muka haɗa ido.
Ya ce, na gobe ne.
Na ce, na sani.